Firizar Mai Ƙanƙara

Ranar da na fara shiga ɗakin gwaje-gwaje a Poland, malamin ya miƙo mini wata na'ura mai kama da biro mai kauri, ya ce in zuƙo ruwa daidai awo in zuba a kwalba. Na riƙe ta ina juyawa, ban ma san inda ake dannawa ba. Sauran ɗaliban sun gama nasu har sun tafi wanke hannu, ni ina tsaye cikin farar rigar da ta yi mini yawa. Malamin ya dubi kwamfutarsa, ya dube ni, ya ce ai a nan an nuna na ci wannan darasin a Gashua da maki mafi girma. Cikin ladabi ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, kuma babu wanda bai ji ba.

Sunana Yagana. A Nguru aka haife ni. Mahaifina Bahaɗeje ne mai fataucin bandar kifi, mahaifiyata kuma Babarbariya, Ya muke ce mata. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata sai na samu gurbin digiri na biyu a fannin ingancin ruwa. Digirin na haɗin gwiwa ne: zango ɗaya a wata cibiyar bincike a Gashua, ɗaya a wata jami'a a Poland, saura a wata jami'a a Fotugal, a ƙarshe su uku su sa hannu a takardar shaida guda. Wanda ke riƙe da ɓangaren Gashua shi ne Dakta Umara, aminin marigayi mahaifina. Tun ina tatata Baba nake ce masa, kuma a hannunsa Ya ta damƙa ni amana.

Zangon Gashua sunansa kawai zango. Baba Dakta yau yana Abuja, gobe yana Turai. Darussan da aka yi ba su kai rabin waɗanda ba a yi ba, ɗakin gwaji kuwa kullum da kwaɗo a ƙofarsa. Da na ga an liƙa sakamako da makin darasin da ba mu taɓa shiga ba, na tambaye shi. Ya ce, "Kada ki damu, 'yata. Kayan aikinmu suna hanya, can kuma za ki koyi komai."

Sai kuwa kayan suka zo, ana gab da tafiyata. Masu tantance ingancin shirin yawancinsu Turawa ne, kuma gwamnatocinsu sun hana su taka Yobe, don haka ta bidiyo suke duba mu. A makon da za a yi dubawar aka buɗe ɗakin, aka share, aka jera madubin ƙara girma da littattafai, aka shigo da wata farar firiza ƙatuwa tana gurnani da hasken sola. Baba Dakta ya zagaya da waya yana nuna wa Turawa, mu kuma muna sanye da fararen riguna muna murmushi. Na yi murna har cikin raina, domin aikina duka a kan firizar nan ya rataya. Ragowar maganin feshin gona nake nema a cikin ruwan da mutane ke sha, kuma zafi yana lalata abin da ake nema. Ni da mijina, Malam Sale, mun sha rana a kan babur muna bin rijiyoyin unguwannin Gashua, da bakin kogi, da tafkin Nguru, muna cika ƙananan kwalabe. Ciki har da ruwan gidan Yaya Modu, wana, wanda a lokacin ake kai shi wankin ƙoda. Ciwon ƙoda ya ci mutanen yankinmu da yawa, kuma don shi na zaɓi wannan karatu. Da hannuna na jera kwalaben nan a firiza, na rufe, na yi addu'a. Baba Dakta ya ce idan na isa Fotugal zai aiko mini da su.

To, ga ni a Poland, ina koyon abin da takarda ta ce na riga na iya.

Garin ƙarami ne, kuma rana tana faɗuwa tun mutum bai gama narkar da abincin rana ba. Sanyi ya shiga ƙashina ya yi gida. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, Zofiya, wadda ba ta jin Turanci, ni kuma ba na jin yarensu. Da ta lura ba na taɓa tukwanenta, ba ta tambaye ni komai ba, ta fita ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta nuna ni ta nuna tukunyar. Ita ce ta ga takalmin da na zo da shi daga kasuwar Nguru ta kama baki, ta ciro mini na 'yarta mai gashi a ciki. A makaranta kuma wata 'yar Bangladash ce ta riƙa tsayawa da ni ranar Asabar tana nuna mini yadda ake awo. Duk da haka na faɗi jarrabawar gwaji a karon farko. Ni da nake raba wa yara maki a gida, na koma ɗalibar da malamai ke yi wa magana a hankali kamar mai ciwon kunne.

Jami'ar tana da ofis na musamman don koken ɗalibai. Wata mata ce a ciki mai fara'a, kullum ƙofarta a buɗe, kuma duk ƙarshen wata sai ta tare ni a hanya ta ce ko akwai matsala. In ce babu. A wurinmu mutum ba ya tsallake babbansa ya kai ƙarar gida wurin baƙo. Kuka wurin babba ake kai shi, shi ya san ƙofar da zai buga. Don haka duk abin da ya dame ni Baba Dakta nake kira. Na gaya masa wulaƙancin ɗakin gwaji. Na gaya masa suna ganin kamar makin sata na zo da shi. Kullum amsarsa ɗaya: "Na shigar da maganar, 'yata. Ki bar mini, ke dai ki yi karatu."

Cikin tsakiyar sanyin nan Yaya Modu ya rasu. Malam Sale ne ya kira ni da hantsi ina tashar bas. Ban samu zuwa ba. Na zauna a ɗaki na yi zaman makokina ni kaɗai, Zofiya tana ajiye mini shayi a bakin ƙofa ta koma. Bayan 'yan makonni Baba Dakta ya zo garin taron shugabannin shirin. Ya kawo mini banda da yaji daga Ya, ya yi mini ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa. A wurin taron aka nuna bidiyon ɗakin gwajinmu a babban allo, aka ce cibiyar Gashua abin koyi ce, aka tafa masa. Ni ma na tafa. Na tambaye shi kwalabena, ya ce suna nan daram, kamar ranar da na ajiye su.

Na ci jarrabawar a karo na biyu, da kyar, na tattara na wuce Fotugal.

Can na ɗan samu sauƙi. Akwai rana, kuma da yamma ƙamshin gasasshen kifi yana tasowa daga lunguna, sai in tsaya a hanya in rufe ido in ji kamar ina bayan rumfar mahaifina. Ɗiyata da na bari a gida tana rarrafe ta fara magana a waya, amma Anti take ce mini. Mai kula da bincikena, Farfesa Helena, mace ce mai kaushin baki da tsabtar aiki. Ta ce tsarin aikina ya burge ta, kuma ta ware mini lokaci a kan babbar na'urarsu, abin da ɗalibai ke layi a kansa.

Kwalaben suka iso cikin akwatin sanyi, an jera su tsaf, ƙanƙara ta ko'ina. Na buɗe na fara dubawa. Rubutun da na yi a jikinsu ya koɗe. Wasu murafen sun kumbura. Da ƙanƙarar ta narke sai ga gansakuka kore shar a gindin kwalabe, irin wadda ke fitowa a randar da aka manta a rana. Farfesa Helena ta ɗaga ɗaya ta haska da fitila, ta ce ruwan nan ya yi watanni a cikin zafi, daga baya aka daskarar da shi. Ta gwada kaɗan don ta tabbatar. Babu abin da ya saura a ciki da za a iya dogara da shi.

Washegari ta kira ni ofis. Ba ta ce in zauna ba. Ta ce ta yi magana da Dakta Umara, kuma ya gaya mata cikin takaici cewa a kan tebur na bar kwalaben na yi tafiyata, shi ne ya tsince su daga baya ya sa a firiza, bai faɗa ba don kada ya kunyata ni. Ta ce ta fahimci kuskure, amma ba ta fahimci ɓoye shi ba. Ta ce in babu sakamako babu kundi, in babu kundi babu digiri, kuma izinin zamana a ƙasar yana ƙarewa da ƙarshen shekarar karatu. Na buɗe baki in ce ƙarya ne, sai na ji harshena ya ƙi. Ban taɓa ƙaryata babba a gaban baƙo ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Na fito na zauna a kan wani benci na kira Malam Sale. Ina kuka ina ce masa da hannuna na sa su a firizar cibiya.

Ya ce, "Wace firizar cibiya kuma? Ai ta Alhaji Isa ce, mai ƙanƙara na bakin tasha."

Na ce, "Ban gane ba."

"Aro aka yi mana. Ba ki daɗe da tafiya ba na gan ta a bayan a-kori-kura ana mayar da ita. Azumi ya matso, kin san lokacin cinikinsa ke nan. Wallahi na ɗauka kin sani, na ɗauka an mayar da kwalabenki wani wurin."

"Madubin fa? Littattafan fa?"

"Duka. Ai haka ake yi, Yagana. In masu duba za su zo a aro, in sun gama a mayar. Kujerun ma daga makarantar da nake koyarwa a nan Gashua aka ɗauka, ni na buɗe musu sito."

Na san haka ake yi. Na taɓa gani a makarantarmu, an aro malamin lissafi na kwana biyu daga Machina. Amma ban taɓa kawowa a raina Baba Dakta zai bari in zuba wahalata a cikin kayan aro yana tsaye yana kallo ba. Ya san ranar da za a zo ɗaukar firizar. Ya san abin da ke ciki. Ya zo har Poland ya yi mini kukan Yaya Modu alhali ruwan gidan Yaya Modu yana tafasa a kwali a bayan ƙofa. Sannan da asiri zai tonu, ya ɗauki laifin ya ɗora mini don ya san ba zan iya buɗe baki ba. A kan bencin nan hawayena ya tsaya. Na tsani mutumin nan, tsana mai sanyi wadda ba ta hana cin abinci, kuma na ƙudurta sai na rama ko da me zan rasa.

Ban kira shi ba. Da ya kira, na gaishe shi yadda na saba, na tambayi iyali.

Allah da ikonsa, a wannan zangon ne lokacin sabunta izinin shirin ya zo. Kwamitin tantancewa zai sauka a Fotugal, shugabannin ɓangarori uku duka za su hallara, kuma a tsarinsu sai sun keɓe da wasu ɗalibai ba tare da malami ko ɗaya a ɗakin ba. Sakatariyar shirin ta tare ni ta ce ina cikin waɗanda aka zaɓa. Ta ce sun duba, a duk ajinmu ni kaɗai ce ban taɓa kai koke ko sau ɗaya ba, kuma Dakta Umara da kansa ya ba da sunana. Nan na gane inda duk kukan da na yi ta kai masa ya tsaya. Ya haɗiye shi tas, kuma shirun nawa ne ya zama shaidar cewa komai lafiya.

Baba Dakta ya iso ranar Alhamis. Bayan sallar Juma'a a ɗan masallacin 'yan ci-rani, ya ja ni wani shagon shayi, ya yi mini sannu da Barbarci.

"Wushe da ƙoƙari, 'yata. Kin rame."

"Karatu ne, Baba."

Ya juya cokali a kofi ya daɗe. "Maganar kwalaben nan. An samu akasi. Yaran cibiya ne, kin san halinsu. Abin da na gaya wa matar nan kuwa, dole ce ta sa, don in aka ce daga cibiya ne, shirin gaba ɗaya zai girgiza. Ke ɗaliba ce, kuskurenki ba ya kashe kowa."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Na yi miki tanadi. Akwai sakamakon wani aiki da aka taɓa yi a wajen Dapchi, ba a buga shi ko'ina ba. Zan ce akwai kwalabe na biyu da muka gwada a gida. Ki sauya sunayen unguwanni ki rubuta kundinki. Ni ne mai sa hannu na ɓangarenmu, wa zai tambaya?"

Ya kurɓi shayi ya ci gaba.

"Ranar Litinin kuma ki rufa mana asiri. Ba don ni ba. In shirin nan ya faɗi, takardarki ta faɗi da shi, zangon Gashua yana cikinta. Ga Falmata, 'yar ƙanwar mahaifiyarki, ita na ba gurbin baɗi, har ta yi fasfo. Mahaifinki da yana raye shi zai fara gaya miki, ba a kwance wa gida zane a kasuwa."

Ya ambaci mahaifina da bakin nan nasa. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya kai mu Litinin, Baba." Ya yi murmushi, ya sayo mini waina mai ƙwai irin tasu, ya ce in tafi da ita.

Kwanakin nan biyu na auna abin ta kowace fuska. Bai yi ƙarya ba a kan takardata. In na yi shiru zan koma Nguru da digiri, a ƙara mini girma, Falmata ta tafi, Ya ta yi alfahari. Kuma za a ajiye kundi da sunana a kai, yana faɗin abin da ke cikin rijiyoyin Gashua da lissafin ruwan wani gari. Zan so in ce wannan ne ya yanke mini hukunci. Ya taimaka. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne in ga fuskarsa lokacin da ƙasa za ta zame masa.

Ranar Litinin muka shiga mu kaɗan. Shugaban kwamitin wani dogon dattijo ne mai farin gashi, a gefensa wata farfesa 'yar Ghana da wasu mutum biyu. Ɗalibai suka yi ta ƙorafin masauki da jinkirin biza. Da aka zo kaina, dattijon ya ce ya ji ni ce wadda ta fi kowa gamsuwa, in gaya musu yadda zangon Gashua yake.

Na gaya musu. Na fara da darussan da ba a yi ba, da makin da aka ba mu. Na ce ɗakin da suka gani a bidiyo na mako ɗaya ne. Na faɗi inda aka aro kujeru, na faɗi sana'ar mai firiza da dalilin da ya sa ya karɓi abarsa. Dattijon ya ajiye biro ya ce me ya sa ban taɓa faɗa wa ofishin koke ba. Na ce na faɗa, sau da yawa, amma ga wanda al'adarmu ta ce in faɗa wa, kuma shi ne mai laifin. Na ce sun gina ƙofar koke mai kyau, sai dai irina ba ta nan muke shiga ba, kuma ba su taɓa tambaya ba. Farfesar nan 'yar Ghana ta rufe ido ta gyaɗa kai. Ita ba sai an yi mata bayanin kayan aro ba.

Dattijon ya ce, "Kin fahimci cewa in wannan ya tabbata, zai iya shafar takardar shaidarki?"

Na ce na fahimta.

Ya ce magana ce mai nauyi a kan mutumin da ba ya ɗakin, kuma suna buƙatar abin da ya wuce bakina. Na ce abu ne mai sauƙi. Yanzu rana tsaka ce a Gashua, ranar aiki. Su kira Dakta Umara, su ce ya buga wa wani a cibiyar ta bidiyo a gabansu, a buɗe ɗakin. Kada dai su ba shi ko rabin yini, don garinmu akwai zumunci, kafin la'asar za a cika ɗakin.

Suka sallami sauran, suka ce in tsaya don in tabbatar ɗakin ne. Baba Dakta ya shigo da babbar rigarsa ruwan toka yana fara'a, ya gan ni a zaune, fara'ar ta ɗan tsaya. Da aka gaya masa abin da ake so, ya ce layin waya a yankinmu ba shi da tabbas. Dattijon ya ce za su jira. Baba Dakta ya ce mai makullin wataƙila ya tafi salla. Farfesar ta ce sallar ba ta daɗewa. Ya ciro wayar, hannunsa yana neman suna yana wucewa. Ma'aikacin cibiya ya ɗauka a bugun farko, hoton kuwa tar kamar a talabijin. Baba Dakta ya fara yi wa mutumin magana da Barbarci da sauri, sai na ce da Turanci, "Yana ce masa ya ce makulli ya ɓata." Ya juyo ya dube ni. Wannan kallon nake jira tun ranar benci, kuma ban sunkuyar da kai ba.

Aka buɗe ƙofar. Kantocin duk wayam. Buhunan takin zamani a jingine da bango, da wata tsohuwar taya, da fararen rigunanmu a rataye a ƙusa sun yi ja. A kusurwa wayar sola tana lilo inda aka cire firiza. Dattijon ya tambaye ni ko ɗakin ne, na ce shi ne. Baba Dakta ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daɗi na ji har tafin ƙafata.

Hukuncin ya fito bayan wasu watanni. An cire cibiyar Gashua daga shirin, an sauke Baba Dakta daga kujerarsa. An kuma ce tunda ba za a iya tabbatar da zangon farko ba, ba za a ba duk wanda ya bi ta Gashua takardar haɗin gwiwa ba. Farfesa Helena ta zo har ɗakina ta ba ni haƙuri, ta yi ta buga ƙofofi a kaina, amma ƙa'ida ta fi ƙarfinta, izinin zamana kuma ya ƙare. Suka ba ni takarda mai nuna darussan da na ci a Poland da Fotugal. Da ita na dawo, na koma ajina na da, a matakina na da.

Labari ya riga ni isowa. A Nguru da Gashua ba a cewa Dakta ya ci amana, cewa ake Yagana ta je Turai ta rufe wa yaranmu ƙofa. Ƙanwar Ya ta daina amsa gaisuwata. Falmata ce ta same ni wata rana a tsakar gida, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Anti, da kin bari na tafi tukuna." Na ce mata da ta tafi da a tsaye za ta ƙare a ɗakin gwaji ana kallonta. Ta ce da ta gwammace ta tsaya a can. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

Bayan wata guda Baba Dakta ya zo gidanmu da la'asar, tare da dattawa biyu abokan mahaifina. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Ya ta zauna daga bakin ƙofa, aka kira ni. Baba Dakta ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har shi.

Babban cikinsu ya yi doguwar nasiha a kan zumunci. Ya ce an yi kuskure ta kowane ɓangare, Dakta ya yi sakaci, ni kuma na yi zafin kai na yarinta. Ya ce Dakta, da yake babba ne, ya riga ya yafe mini tonon asirin da na yi masa. Abin da ya rage in ce na yafe, a shafa fatiha, a tashi.

Baba Dakta ya ce, "Na yafe miki, 'yata, duniya da lahira."

Ya ta ce a hankali, "Yagana, ki amsa wa iyayenki."

Na ce, "Baba, a gaban mutanen nan, kwalaben a kan tebur na bar su?"

Ya dubi dattawan. Ya ce ai maganar ta wuce.

"A kan tebur na bar su?"

Ya ce ba don wannan aka taru ba.

Na juya wurin babban na ce, "Baba, ku gafarce ni, ban raina zuwanku ba. Zan gaishe shi duk inda na gan shi. In ya yi ciwo zan je dubiya, in ya riga ni zan zauna a makokinsa. Amma ban yafe ba, kuma kada a shafa fatiha a kan na yafe. Ni da shi akwai inda za mu tsaya, can ba a aron shaida."

Dattijon ya riga ya ɗaga hannuwa don addu'a. Ya tsaya da su a sama, ya dubi Ya, ya dubi Dakta, sannan ya sauke su a kan gwiwarsa. Na tashi na shiga ciki, don ɗiyata ta farka tana kuka, kuma ranar ba a ɗora tukunyar dare ba tukuna.